Ƙeyar Dogo

Yayana mai aski ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ya fara duban mutum ta fuska ba. Ƙeya yake fara dubawa. Ko a layin asibiti ko a cikin mota, sai ya matso kusa da kunnena ya ce wancan bawan Allah, wanda ya yi masa aski bai san aikinsa ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi: kujera ɗaya, benci, madubi mai tsaga a gefe, da hoton kawuna iri-iri da rana ta koɗar. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa ɗa ɗaya. Dogo muke ce masa, don tun yana firamare ya kere sa'o'insa.

Taurin kai kuwa, tsakanin uban da ɗan ba ka ce ga wanda ya fi ba. Da Dogo ya tasa sai ya tara suma irin ta samarin lokacin. Ɗan mai aski da suma! Masu zuwa shago suka samu abin zolayar Yaya. Ya yi nasiha, ya yi faɗa, yaro ya yi kunnen ƙashi. Ran nan Dogo ya shigo shagon da abokansa zai karɓi makullin gida, Yaya ya danne shi a kujera ya bi tsakiyar kansa da inji, tun daga goshi har ƙeya. Abokan suka tuntsire da dariya.  Dogo ya zauna har aka kwashe sauran, ya karkaɗe wuyansa, ya fita. Washegari ba shi ba jakarsa.

Sai bayan watanni ya bugo wa ubansa waya. Ya ce lafiyarsa lau, yana aikin lodi a bakin teku. Kafin Yaya ya tambaye shi wane gari, layi ya katse, lambar kuma ba ta sake shiga ba. Abin da ya rage masa ke nan: bakin teku. Manyan biranen bakin teku kuwa uku ne a ƙasarmu, kowanne mutum zai iya ɓacewa a cikinsa har ya tsufa.

Daga nan shago ya koma wurin tambaya. Duk direban da ya zauna a kujera ba ya tashi sai ya faɗi abin da ya sani. Wannan ya ce ai lodi sai birnin da ke da babbar tashar jiragen ruwa. Wancan ya ce a'a, yaron da bai san kowa ba birnin masunta yake faɗawa, can ba a tambayar takarda. Wani kuma ya rantse samari yanzu duk sun koma birnin masana'antu, inda ɗaki yake da araha. Yaya ya yi ta juya su a ransa har ya rame. Da na ga ya fara ɗaure almakashi a tsumma sai na je na same shi.

"Yaya, ka zauna. Yaro ya san hanyar gida, kai ba ka san tasa ba."

"Duk inda yake gashi zai fito masa," in ji shi. "Wanda gashi ya fito wa kuwa zai nemi mai aski."

Ya ce ko cikin mutum dubu zai gane shi ta baya. Akwai tabo a bayan kunnensa na hagu, tun ranar da ya faɗo daga katanga, kuma gashinsa wuri biyu ya murɗa a tsakar kai. Na yi magiya, na yi fushi, na kai ƙararsa wurin kawunmu. Ina! Ya sayar da shagon ya hau mota.

Babban birnin, mai tashar jiragen ruwa, ya fara zaɓa. Ya samu ƙarƙashin wani bene kusa da ƙofar tasha, ya kafa kujera, ya rataye madubinsa a ƙusa. Iskar gishiri ta cinye masa almakashi, reza ta kwana ɗaya sai tsatsa. Yana kwana a ɗaki ɗaya da 'yan dako, tufafi ba sa bushewa, tari ya kama shi. Da yamma in an tashi daga aiki sai ya bar wanda yake yi wa aski da kumfa a haɓa ya fita ya tsaya yana bin ƙeyoyin da ke wucewa da ido. Duk dogon saurayin da ya gani sai ya kira shi ya yi masa aski kyauta, har 'yan tasha suka gane, gajerun cikinsu suna tafiya a kan yatsu in sun zo wucewa. Shi da kansa ya ba ni wannan labarin yana dariya, ni kuwa kuka ya zo mini.

Sannan wani ya ce masa ya ga mai tabo a bayan kunne a birnin masunta. Ya naɗe kaya ya tafi. A can, a kasuwar kifi, aka zare masa waya daga aljihu, layin ya bi ta, wato lambar da Dogo ya sani. Ya yi zarya ofishin kamfanin waya har ya gaji, ba a dawo masa da ita ba. Ya koma birnin masana'antu, ya sake komawa na farko. Duk sanda zai tashi sai ya kira ni ya jera mini su ukun, wannan ga amfaninsa, wancan ga aibinsa, in taya shi zaɓe. Wallahi na tsani garuruwan nan tun ban taɓa ganinsu ba.

Ana haka aka yi wa maigidana canjin wurin aiki, mu ma muka bar garinmu. Kawu ya rasu, gidan hayar da Yaya ya zauna aka rushe aka yi shaguna. Sai bana na koma garin don ganin likita, na bi ta tsohon shagon. Yanzu wani ne a ciki yana sayar da caja da murfin waya. Na ce masa nan shagon yayana ne a da.

"Af, ke ƙanwar mai askin ce? Ai bara wani ya zo nemansa."

Na dafa ƙofa. Ya ce wani dogo ne, yana ɗan ɗingishi, riƙe da sabon injin aski a kwalinsa. Shi kuma ya gaya masa abin da ya ji a unguwa, cewa mai shagon ya daɗe da tafiya bakin teku neman ɗansa. Mutumin ya zauna a dakali har rana ta juya, sannan ya tambayi wane birni. Mai caja ya ce bai sani ba, ɗaya dai daga cikinsu. Na ce ya karɓi lambarsa? Ya ce bai yi tunani ba, lokacin yana da masu saye. Ban san sanda na zage shi tas ba, alhali bawan Allah bai ci mini komai ba.

Ba maganar waya ba ce, sai na hau mota na tafi. Na tarar da Yaya a ƙarƙashin benen nan, ya rankwafa, kai fari fat, haƙoran gaba sun zube. Na gaya masa komai, har kwalin. Ya daɗe yana goge tsatsar almakashi da babban yatsa.

"Wanne ya ce zai fara?"

Na ce bai faɗa ba.

"To in na tashi ya zo, in na zauna ya wuce can. Auta, yaya zan yi?"

 Ya ɗaga kai ya dubi madubi, ya daɗe yana kallo, sai ya ce shi ya san ƙeyar Dogo, amma Dogo da baƙin gashi ya bar shi, ko ta gabansa ya wuce ba zai waiwayo ba. Ya jawo akwatinsa ya fito da baƙin rinin da yake shafa wa tsofaffin direbobi, ya kwaɓa a murfin gwangwani. Ya shafa gaba da gefe da gemu, rinin yana gangarowa a goshi. Sannan ya zauna a kujerar, ya yafa tawul, ya miƙo mini burushin ya ce in taimaka in shafa masa ta baya, can ba ya gani.