Warin Fata a Jikin Kayan Makarantata

Ina ɗan shekara goma sha biyar, ina aji uku a wata sakandare cikin birni, bam ya kashe mahaifina a kan hanyarsa ta dawowa daga shagon ɗinki. Shekarun nan ne da kowa ke tsoron fita a Kano. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba baffana ya sayar da gidanmu na unguwar Sheshe, ya ce in nemi dangin uwa. Ban san ko ɗaya ba.

Sai na koma kwana a bayan wata rumfar fatu a Kasuwar Kurmi. Da safe in wanke fuska a masallaci in wuce makaranta, don nan ce kaɗai ta rage mini. Warin fata ya kama kayana. Malamin ajinmu kan toshe hanci da hankici in na shigo, ya ce in koma bakin taga kada in sa shi amai, yara su yi ta dariya. In na yi gyangyaɗi ya zane ni. Zango guda ana haka, ba wanda ya tambaye ni inda nake kwana. Ran da ya sa aka jefa jakata waje, ban sake komawa ba.

Yaran bakin kwata ne suka karɓe ni, suka koya mini shaƙar sholisho. Mukan tona bola mu ci ragowar shinkafa mai yauƙi. Wata rana malamin nan ya gan ni a haka. Ya taɓa abokinsa, ya ce da ma ya san ƙarshena ke nan, ya tofar da yawu ya wuce. Ƙyamarsa da na ji a raina ta fi ta bolar.

Wani tsohon baduku ne ya gaji da ganina a ƙofar rumfarsa, ya kai ni gidansa, ya koya mini ɗinkin takalmi. Da sana'ar nan nake ciyar da iyalina yau, amma karatun ya tafi.

Malamai, ku ji tsoron Allah. Yaro ba ya faɗawa titi rana ɗaya. A gabanku yake zamewa, kuna kallo. In kun ga ɗalibi ya canza, ku ja shi gefe ku tambaye shi wa ya rage masa a gida. Ni da an tambaye ni, da na faɗa.