Guntun Munduwar Kaka

Duk ranar da na ji warin albasar da damina ta fara ruɓarwa, sai ƙafata ta hagu ta yi mini tsami. Jiya ma haka ta faru a bakin tasha, ina tsaye ina duba farashin zinari a waya, sai ga ni na koma ƙauyenmu na kusa da Lambara, ina 'yar shekara tara.

Mata biyu ne suka rene ni, Inna da ta haife ni da Kaka, mahaifiyar Baba. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba, amma kan maganar ajiya ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Shekarar da albasa ta yi tsada, Inna ta haɗa rabonta da kuɗin awakinta uku, ta tafi Sakkwato ta sayo sarƙar zinari siririya. Ta ce zinari ba ya baƙi, ba ya faɗuwa, kana barci yana ƙara daraja. Kaka ta ɗaga sarƙar a tafin hannu, ta taɓe baki.

"Awaki ukku ne wanga? Iska ma ɗauke shi za ta yi."

Ita Kaka azurfa ta yarda da ita. Da munduwar azurfa mai kauri aka kawo ta gidan miji daga Sifawa, amma ni ban taɓa ganin munduwar a cike ba. In yunwa ta shigo, ko wani ya kwanta, sai ta tafi Bodinga wurin maƙerin fari, ya datse mata ɗan guntu, ya auna, ya biya. A haka munduwar ta daina zagaye ƙafa, ta koma guntu ɗaya, baƙi ƙirin, ƙulle a lalitarta. Kowa a gidan ya san wannan na likkafaninta ne. Kaka mace ce mai gudun wulakanci. Takan ce ba za ta bari a yi mata karo-karon farin yadi ba.

Ranar da abin ya faru Baba yana kudu, ya bi motar albasa. Da hantsi na shiga cikin gero tsinko tafasa, na taka kububuwa, ta sare ni a ƙafar hagu. Malamin asibitin ƙauyenmu ya buɗe bakina, ya ga jini na tsattsafowa daga dasashina, sai ya daina kallona. Ya ce allurar sai Sakkwato, tana da tsada, kuma kada rana ta faɗi ba a yi mini ba.

A kan babur biyu muka isa Bodinga, ni da Inna da Kaka. Mai motar da zai ɗauke mu shata ya ce sai ya ga kuɗin mai a hannu. Ban ga laifinsa ba yanzu, amma ranar na tsane shi. Suka kwantar da ni a rumfar maƙerin, ƙafata ta kumbura kamar tulu. Ina jin gishirin jini a bakina, ina haɗiyewa don kada Inna ta gani. Tsoro nake ji ƙwarai, domin na taɓa ganin yadda aka dawo da gawar wani makiyayi da maciji ya sara.

Inna ta kwance sarƙar ta miƙa wa maƙerin. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya mayar mata.

"Ni azurhwa na sani. Wanga ko na gaske na, ba ni da kuɗɗinai, babu mai su cikin kasuwag ga. Sai birni, ki samu masu gwadawa."

"To ba ni rabi. Ba ni abin da ka ga dama."

"In na ba ki kaɗan na cuce ki, in tagulla ce kin cuce ni. Yi haƙuri."

Inna ta zagaya rumfuna huɗu. Duk wanda ya ga sarƙar sai ya yaba, ya ja da baya. Dukiyar da ta fi ta kowa a gidanmu tana hannunta, ga ɗiyarta tana zubar da jini, ta kasa sayen galan ɗaya na mai. Ta dawo ta durƙusa kusa da ni.

Kaka ta juya mana baya, ta daɗe tana fama da ƙullin lalitar da haƙora. Ta ajiye guntun a kan sikeli. Maƙerin ya san shi, shi ya datse 'yan'uwansa duka. Ya dube ta.

"Baba tsohuwa, ba wanga ne kinka ce..."

"Auna. Wadda ka numfashi ta riga gawa."

Kuɗin ya biya mota da kwalbar allura ta farko. La'asar sakaliya aka yi mini ita.

Sai a kwana na uku Inna ta iya barin gefen gadona ta kai sarƙar kasuwa. Aka goga, aka auna, aka ba ta fiye da yadda ta saya. Da shi aka biya sauran magani, har ya yi saura. Da muka koma gida ta shiga ɗakin Kaka da ƙunshin farin yadi, ta ajiye a kan gado. Kaka ta shafa shi, ta ja bakinsa ta ji ƙwari.

"Zinarin naki ya iso," in ji ta. "Jinkiri dai gare shi."

A cikin wannan yadin aka naɗe ta bayan damina biyu.

Yau ni ma zinari nake saye, giram-giram, in albashi ya bari, kuma lissafi ya nuna Inna ce ta yi gaskiya. Maƙerin ya rasu, rumfarsa ta zama wurin cajin waya, ban san mai datse azurfa a Bodinga ba yanzu. Amma in abokan aiki suna gardamar wanne ya fi riba, ni tambaya ɗaya nake yi musu: ranar da kake da awa biyar kacal, wa zai saya a hannunka? Su kan yi dariya, su ce na cika tsoro. Ba na musu. Takalmina kawai nake gyarawa, in rufe tabon.