Uwale Ba Ta Zo Gaisuwa Ba

Wata rana Gwaggo Tasallah ta yafa mayafi, ta nufi gidan Uwale, 'yar wanta, da faɗa a bakinta.

An yi rasuwa a dangi, har an yi bakwai Uwale ba ta leƙo ba. Suna biyu da biki ɗaya ma duk sun wuce ta. Dangi suka yanke shawara: bikin 'yarta da ke tafe, ba mai taka ƙafa. Gwaggo aka aiko ta faɗa mata.

Ta same ta a ɗaki, durƙushe gaban katifa.

A kan katifar, ƙanwar Uwale ce Barira a kwance. Shekararta talatin da biyar, tela ce da ake layi a ƙofarta. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jiki ya shanye. Mijin ya kawo ta "ta kwana biyu". Shekara uku ke nan.

Wanka Uwale. Abinci a baki Uwale. Fo Uwale. In ba a juya ta a kan kari ba, baya ya yi gyambo.

Gwaggo ko zama ba ta yi ba.

"Ke Uwale, wace ce ke da za a yi mutuwa ki ƙi zuwa?"

Uwale ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, mamacin mutum nawa ya samu?"

"Gida ya cika har waje!"

"To wannan mai ran ni kaɗai ta samu. Kama mini ƙafafunta."

Gwaggo ta kama. Nauyin ya ba ta mamaki. Rabonta da ɗakin tun satin farko, da ta kawo lemo ta ce Allah ya sawwaƙe.

Ta cire mayafi ta rataye a ƙofa.

"Tashi ki je ki yi gaisuwar. Ina nan."

"In dai kina nan, Gwaggo, bari in ɗan kwanta tukuna."

A nan kan tabarma barci ya kwashe ta, tun hantsi har la'asar. Sau uku Gwaggo ta juya Barira ita kaɗai, har yau tana ƙorafin ƙugu.

Saƙon dangi bai fito daga bakinta ba. Nata ta koma musu da shi: kowace mace ta ɗauki yini guda na jinyar Barira, wadda ta ƙi kada ta ƙara kiranta Gwaggo.

An yi bikin, gida ya cika.

Darasi: Ba tsofaffi kaɗai ke kwance a ɗakunanmu ba. Kafin ki ce wance ta yanke zumunci, je ki ga abin da ya zaunar da ita. Mai jinya ba lemo take nema ba, hannu take nema.

Ku tura wa masu zuwa dubiya sau ɗaya su ɓace. Sun san kansu.