Na Duba Hadarin Kiyako Daga Masar

Mun tashi daga Kiyako ana idar da sallar asuba, ni da babban ɗana. Ba da son raina ba. Ciwon yana ne ya rufe min idon dama, shi kuma ya dage sai a Masar za a yi aikin. Ga damina ta ƙarato. A gidanmu maigida ne ke fara jefa iri, haka na tarar. Kafin na hau babur na tara ƙanena da sauran mazan gida, na ce kada wanda ya taɓa gonar gado sai na dawo.

Daga Birnin Kudu mota zuwa Kano, daga nan jirgi. Aka ɗaure ni a kujera kamar akuyar da za a kai kasuwa, aka kawo abincin da ko ɗan yaye ba zai ƙosar ba.

Alƙahira ba ta da aiki sai hon ɗin mota. Aikin idon bai ɗauki lokacin dafa tuwo ba, amma likita ya ce mu zauna sati uku yana dubawa. Ɗana ya ce to sai mu zagaya gari. Ya kai ni dalar Fir'auna. Duwatsu ne aka ɗora kan juna. Namu na Birnin Kudu Allah ne ya jera su. Wani mai raƙumi ya biyo ni yana "Hajji, Hajji," na sa aka gaya masa a wajenmu raƙumi buhu yake ɗauka, ba dattijo ba. Abincinsu shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar an share ɗakin girki. Gurasarsu dai babu laifi.

Kullum da safe sai na leƙa taga da sabon idona. Sama fes, ko gajimare babu. Na ce lallai damina ta yi jinkiri bana, hankalina ya kwanta. Sau biyu ɗana yana miƙo min waya daga gida, na ce a bari, me za su gaya min da ban gani ba? Shi ma'aikacin ofis ne, tambayar ruwa ba ta cikin gaisuwarsa. Babu wanda ya faɗa min a ƙasar Masar sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba.

A hanyar dawowa, tun daga Wudil na fara ganin kore. A Kiyako geron mutane ya kai taƙi. Gonata ciyawa ce zalla.

Na ce wa ƙanena, "Me kuka zauna yi?"

Ya ce, "Yaya, kai ka ce kada a taɓa."

Gero ya wuce mu, washegari wake muka shuka. Abin da na koyo shi ne, in zan sake tafiya, ba zan bar doka a gida ba, kuma in an miƙo waya zan karɓa. Na dawo da idona biyu garau. Da su nake kallon geron maƙwabta.