Saƙon da Rahinatu Ta Ba Ni a Bakin Ƙofa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Rahinatu. Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a ɗakin mata na wani asibiti a nan Accra. Mu uku ne a kanta: mahaifiyarmu, da mijinta Isifu, da ni. Na san lokacin daidai saboda na duba agogo. Na yi shekaru ina karanta labarai a sashen Hausa na gidan rediyo, aikin ya saba mini da duba agogo duk sanda wani abu ya ƙare. Har yau ina jin kunyar wannan dubawar.

A unguwar Maamobi, inda aka haife mu, Ante Sola ake kiranta. Gajeruwa ce, tana cusa hijabinta cikin rigar aiki, ta ɗaure tsani a kan tasi ta tafi. Ta koyi aikin wayar lantarki a makarantar koyon sana'a, kuma a shekarun da wuta ke yawan ɗaukewa ta buɗe ƙaramin shago a Kotobabi tana kafa wa mutane farantan sola a kan rufi. Daga Alajo har cikin lungunan Nima babu kwanon da ba ta taka ba. Hausarta irin ta zango ce, wato unguwannin ’yan arewa a Ghana, ba ruwanta da “shi” ko “ita”, ga Turanci da yaren Twi a ciki. Na sha gyara mata magana. Sai ta yi dariya ta ce, “Mai Labarai, kai ka ci gaba da magana, ni bari in kunna musu wuta.”

Asalinmu wani ƙauye ne can arewa, kusa da iyakar Burkina. Ba zan faɗi sunansa ba, domin dattawan da ke cikin wannan labari suna da ’ya’ya da jikoki a nan. Kamar sauran mutanen zango, muna da ƙungiyar ’yan gida, muna haɗuwa ranar Lahadi bayan la’asar a gidan shugabanmu, Alhaji Bukari, a Nima. Ni ne sakatare. Wata shekara muka yanke shawarar haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki, da kan famfo huɗu, domin a daina shan ruwan rafi. Rahinatu ce ta tsara aikin tun daga farko.

A taronmu maza ke zama a falo. Mata suna tsakar gida wajen tukwane, wadda ke da magana sai ta aiko ɗan’uwanta ko mijinta. Ranar da aka zauna kan maganar rijiyar, an kira Rahinatu ta shigo, ta yi bayanin faranti nawa ake bukata da irin injin da zai jure, aka sa mata albarka, ta fita. Bayan fitarta aka zo kan inda za a kafa famfon. Ba a yi gardama ba. Kowa ya ce ƙofar babban masallaci: nan ne tsakiyar gari, masu alwala za su samu, baƙo ma zai gani ya san garin yana da ’ya’ya a Accra.

Ina cikin rubutu aka taɓa ni, wai ana kirana a waje. Na sami Rahinatu tsaye a bakin ƙofa, riƙe da ludayi.

“Yaya, gaskiya ne ƙofar masallaci suka ce?”

“Haka aka tsayar.”

“Wurin nan bai yi ba sam. Ka shiga ka gaya musu. Mata ba zai je ba.”

“Ba za su je ba,” na gyara mata.

“To ka ma ji ke nan. Je ka faɗa da Hausarka mai kyau.”

Ta yi mini bayani a gurguje. Matar aure a garinmu ba ta wuce surukinta a tsaye. Sai ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe shi, ta jira ya amsa ya sallame ta. A ƙaramin gari kuwa, duk dattijon da ke zaune a dakalin masallaci surukin wata ne ko wan mijinta, kuma tun hantsi suke zama har magariba. Mace ɗauke da baho cike da ruwa a ka ba ta iya durƙusawa. Ko dai ta sauke ta sake ɗauka a gaban kowane tsoho, ko ta wuce a ce ba ta da tarbiyya. Rahinatu ta san haka domin ta yi shekara biyu a can tana yarinya, wajen Gwaggo Azara, ƙanwar mahaifinmu. Mu mazan da ke falo, jana’iza ce ke kai mu gida. Mu sauka, a shimfiɗa mana tabarma a ƙofar masallaci, mu yi kwana uku mu dawo. A wurinmu ƙofar masallacin ita ce garin.

Da na koma ciki, Alhaji Bukari ya riga ya ɗaga hannu za a yi fatiha. Ina iya cewa, “Alhaji, a dakata.” Kalma uku ce, ni kuwa mutum ne da ake biya don ya yi magana. Sai na dubi dattawa, na ga yadda fuskokinsu suka saki, na ce a raina ba ni zan ɓata wannan da zancen baho ba. Na ɗaga hannu tare da su. A littafin taro na rubuta cewa an amince baki ɗaya. Da aka watse ta tambaye ni, na ce mata an riga an rufe maganar. Ban ce na faɗa ba, ban kuma ce ban faɗa ba. Ta ɗauka na faɗa an ƙi.

Ta je ta kafa aikin a inda aka ce, kuma ta kafa shi da kyau. Ni kuwa na sa labarin a shirinmu na rediyo. Ina tuna jimlar da na rufe da ita: matan garin sun huta da zuwa rafi. Ban je na gani ba. A kan wasu labaran nakan tsaya sai na ji daga bakin mutum biyu, amma wannan nawa ne, na so ya zama gaskiya.

Duk wanda ya buga waya daga gida sai ya ce alhamdulillahi, tanki kullum cike yake. A taro ana jin haka ana murna. Rahinatu kaɗai ce ranta ya ɓaci. Ta ce mini, “Yaya, tanki da ke cike kullum, ai ba mai sha ke nan.” Ta kira Gwaggo Azara a gabana, ta buɗe muryar wayar. Gwaggo ta ce, “Ruwanku mai daɗi ne, ’yata, an ɗebo mini a buta na ɗanɗana. Amma na randa daga rafi yake. Wa zai je ya yi ta faɗuwa da tashi a gaban mutane?”

Gyaran ba mai wuya ba ne. A ja bututu daga tanki zuwa bayan injin niƙa, inda mata ke taruwa ba namiji. Sau uku Rahinatu ta roƙe ni in sa maganar a taro. Sau uku na ce ta bari a ɗan jima. Na gaya wa kaina cewa ina kare mutuncin dattawa ne. Gaskiyar ita ce, in aka tayar da maganar za a tambayi sakatare me ya sani, kuma za a gane abin da na karanta wa jama’a ba haka yake ba.

Da damina ta kusa, ta sayi bututun da kanta ta hau mota. Dattawan ƙauye suka karɓe ta da mutunci, suka saurare ta, suka ce ba su ƙi ba, amma kyauta ce daga ’ya’yansu na birni, ba za su taɓa ta ba sai da takarda daga ƙungiya. Takardar nan ni ke rubuta ta. Ta yi mako uku a gidan Gwaggo tana jira, tana kirana, ina cewa Lahadi mai zuwa. A can, baƙo in ya sauka ruwa ake fara miƙa masa daga randa, kuma ba a mayar da shi. Ta sha, kamar yadda kowa a gidan ke sha.

Ta dawo da zazzaɓi. Ta ɗauka na sauro ne, ta sayi magani a kemis ta ci gaba da hawa rufi. Ranar da Isifu ya ɗauke ta zuwa asibiti ba ta iya tsayuwa. Likita ya ce taifod ne, ya riga ya taɓa hanji. Bai ce daga ina ta ɗauko shi ba, ni ma ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Mutum na iya ɗaukarsa a nan Maamobi. Shekara bakwai ina maimaita wa kaina wannan, kuma gaskiya ne, amma bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Kwana biyu kafin rasuwarta ta farka da hantsi, ta gan ni a gefen gado.

“Mai Labarai, yau babu aiki?”

“Na ɗauki hutu.”

“Taku ɗari biyu da goma ne, daga tanki zuwa bayan injin niƙa. Na auna. Bututun na ƙarƙashin gadon Gwaggo, kada rana ya ci shi.” Sannan ta ce, “Ka sake gwada su. Wataƙila wannan karo su ji ka.”

Na ce to. Ban gaya mata cewa ban taɓa gwadawa ba. Ta tafi tana zaton ɗan’uwanta ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

A ’yan shekarun nan ana yawan gayyatata in yi fassara a tarukan da ake yi kan abin da ake kira ƙauyukan zamani. Ina ganin abubuwan da da Rahinatu na nan da sai an ja ta daga wurinsu. Akwai famfon da ke aika saƙo zuwa waya in injinsa ya tsaya. Akwai ɗakin sanyi mai aiki da rana inda mai tumatir zai ajiye kayansa ya jira kasuwa. Manomi yana jin labarin ruwan sama a wayarsa da harshensa. A ƙauyenmu ma yanzu akwai fitilu a kan hanya, kuma ba a zuwa wani gari don cajin waya. Ba ni da shakka za ta yi murna. Ba mai tsoron sabon abu ba ce, da ta kwance kowanne ta ga cikinsa.

Amma na san tambayar da za ta yi, domin ina jin ta a kunnena ina tsaka da fassara. Wa zai ɗauki bahon, kuma ta gaban wa zai bi? Na’urar da ke kan tanki tana iya gaya maka yawan ruwan da aka ja. Ba ta san matar da ta tsaya daga nesa, ta hango surukinta, ta juya ta nufi rafi ba. Famfonmu bai taɓa lalacewa ba ko sau ɗaya. Da yana da irin wannan na’ura, da kullum saƙon lafiya lau zai riƙa aiko mana. A irin waɗannan taruka nakan duba ɗakin in ga su wa ke ciki, su wa kuma ke waje wajen abinci. Wani lokaci in an ba da damar tambaya nakan ajiye aikin fassara in yi tawa. Masu shirya taro ba su cika son haka ba.

Ranar sadakar arba’in ɗinta, bayan an gama addu’a a gidan Alhaji Bukari, na miƙe. Na faɗi abin da ta gaya mini a bakin ƙofa, kalma da kalma, da Hausarta. Na faɗi abin da na rubuta a littafi, da sau nawa ta kira ni daga ƙauye. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce abin da aka yi wa fatiha ba a tayar da shi. Alhaji ya dube ni ya ce, “Sule, me ya hana ka faɗa a ranar? Mu ma a Nima aka haife mu. Ina muka san wannan? Da ka faɗa, da mun ji.”

Na koma na zauna.

Ban san me ya rage na Rahinatu da zan iya aunawa ba. An mayar da shagonta na Kotobabi wurin sayar da kayan waya. Yawancin farantan da ta kafa an sauya su da sababbi. Mahaifiyarmu ba ta ƙara ambatar sunan ƙauyen ba har ita ma ta rasu. Abin da na sani shi ne, tun daga wannan rana, in za a yanke magana a ƙungiyarmu Alhaji Bukari kan sa a ɗage labulen falo a kira matan su shigo da kansu, ba ta bakin kowa ba. Shi ma ya rasu, amma ba a sauke labulen ba.

A wannan Lahadin ta sadakar arba’in na rubuta takardar, layi biyar ce. Ni da Isifu muka kai ta. Muka jawo bututun daga ƙarƙashin gadon Gwaggo Azara, yana nan a naɗe kamar yadda ta bar shi, kuma ya kai bayan injin niƙa daidai, bai rage ba, bai yi saura ba. Aikin ya ɗauke mu kwana biyu. A rana ta uku, kafin azahar, tankin ya ƙare.