A Sauko da Jan Ƙyallen Yaya Shulan

Kafin masu sayar da tofu, wato awara, su gama kasa kaya, Yaya Kuang Shulan ta buɗe ɗakinta na ƙarshen baranda a asibitin garinmu. Za ta jera siraran alluranta na maganin gargajiyar Sin, waɗanda ake tsira wa mutum a jiki, sannan ta cusa hannuwa a hammata sai sun yi ɗumi. Ba ta taɓa kai wa mutum hannu mai sanyi ba.

Gwanintarta a tsakiyar ƙirji take, tsakanin nonuwa, wurin da ake kira Danzhong. Matan ƙauyukanmu ba sa buɗe wa likita namiji nan, gara su zauna da ciwonsu. Ita suke buɗe wa.

Shekarar da mijina ya rasu, numfashi ya tokare min kamar an ɗora dutsen niƙa. Da na ga allura na ce, "Ke, kashe ni za ki yi?"

Ta ce, "Tsohuwa Meng, mai baki irin naki allura ɗaya ba ta kashe ta. Na rufe ƙofa, yi kukanki."

Na yi, har na jiƙa mata riga. Matar ɗana ma, da nono ya ƙi zuwa, a hannunta ya zo. Ku tambayi matan kasuwa, kowacce da nata.

Da muka ji za ta yi ritaya ƙarshen wata, muka sa aka ɗinka mata jan ƙyallen godiya mai rubutun zinariya, irin wanda ake kai wa likitoci. Ban yi makaranta ba, amma sai da aka nuna min sunanta na ɗora yatsa. Muka kai. Shugaban asibiti ya karɓa, aka ɗauki hoto, ya rataye a ofishinsa!

Na koma wurinsa. Wai, "Inna, ai godiyar ta asibiti ce gaba ɗaya."

Na ce, "Ɗan nan, ƙirjin wa ka taɓa warkarwa?"

Yaya Shulan kuwa dariya take, wai in bari, ƙyalle ne kawai.

Ba zan bari ba, Yaya. Ke ce mai rufa asirin mata, ke ce kika ji kukan da muka ɓoye wa 'ya'yanmu. Mun gode, mun gode. 'Yan matan da ke koyon aikin nan, ku zauna kusa da ita kafin ta tafi, ku koyi halinta, ba allura kaɗai ba.

Kai kuma shugaba, ka sauko da ƙyallen nan ka miƙa mata da hannu biyu kafin wata ya ƙare. In ka ƙi, maƙwabcina yana da tsani, kuma na riga na yi masa magana.