Injiniya da Tsuntsayen Shekarar Fari

Injiniya bai taɓa gyara komai ba a rayuwarsa. Sunan ya samo asali ne daga wata huɗu da ya yi a shagon wani mai gyaran injin ban ruwa, yana miƙa sifana yana zubar da baƙin mai, har ranar da ya kwance injin wani manomi ya mayar, aka tarar da noti bakwai sun yi saura a ƙasa. Maigidan ya sallame shi a ranar. Tun daga nan yake yawo da sukudireba a aljihun gaban riga, yadda wasu ke saƙala biro. Mutanen unguwa sun laƙaba masa sunan ne don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in aka kira shi da sunansa na gaskiya ba ya waiwayowa.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara goma sha ɗaya ta ba shi, saboda haka babu wata rawar kansa da ba ta sani ba. A gabanta ya sayar da maganin sanƙo alhali kansa na ƙyalli kamar bayan cokali. A gabanta ya yi kiwon zomaye, suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabta. Noma ne kaɗai bai taɓa gwadawa ba, ya ce aikin marasa dabara ne, mutum ya binne abincinsa a ƙasa ya koma yana kallon sama. Wannan bai hana shi biyowa lambunta duk bayan kwana biyu da leda a aljihu ba.

Lambun yana ƙarshen gari, kusa da wani tafki. Yaya, kamar yadda kowa ke kiranta, ta gaje shi ne daga mijinta, da rijiya ɗaya a tsakiya da kwamin siminti da take tara ruwa a ciki. Tumatir take yi da barkono da kuɓewa, sai 'yar masara a gefen yamma.

A shekarar da ake magana, ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke. Zafi ya zo irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ganyen masara ya nannaɗe kamar takardar da aka murɗa, tun yana warwarewa da yamma har ya daina. Tumatir ya yi fure, furen ya kaɗe bai ɗaura ko ɗa ɗaya ba. Kuɓewar da ta fito gajeru ce masu tauri, wuƙa ma da ƙyar take shiga. Tafkin ya janye, ya zama taɓo, taɓon ya tsattsage, ana ganin busassun kwaɗi a cikin tsagun. Da tsakar rana jemagu na faɗowa daga itatuwan bakin hanya kamar ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Yaya ta ƙara wa guga igiya sau uku. Daga ƙarshe ta tsaya a tsakiyar lambun ta zaɓi abin da zai rayu. Ta bar masara da tumatir, ta tattara ɗan ruwan da take samu a kan barkono.

Da yake kwaminta ne kaɗai wuri mai danshi a duk wannan gefen, sai komai ya dawo nan. Ƙudan zuma suka yi baƙi a bakinsa. Bushiya ta fito da rana tsaka, abin da ba ta yi. Tsuntsaye kuwa ba a magana: kurciya da hasbiya da kanari da tsada, da wasu masu launi da Yaya ba ta taɓa gani ba, fari ya koro su daga daji. Sai su jeru a ƙasa baki buɗe, fukafukai a saɓule, tana wucewa da bokiti ko motsi ba sa yi.

Wata safiya Injiniya ya zo da ledarsa, bai sami abin tsinka ba. Ya daɗe tsaye a bakin kwami yana kallo.

"Yaya, bayin Allahn nan suna ba ni tausayi," in ji shi. "Ki riƙa ba ni bokiti biyu a rana in zuba musu can bayan masara, su ma su sha a natse, ke ma su rage miki damu."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Bokiti biyu a lokacin jan guga goma sha biyu ne, domin rabin abin da ke fitowa laka ce. Amma tunda take da shi ba ta taɓa jin ya roƙi wani abu don wani ba.

"Kai ne za ka ja?"

"Kin san bayana, Yaya."

Ta san bayan. Ciwonsa ba ya tashi sai an ambaci aiki. Ita ta ja, ta cika masa, har da aron farantai uku na gidanta. Da yamma ta gaya wa maƙwabciyarta cewa da alama auta ya fara hankali, girma ya zo.

A rana ta huɗu ta zagaya bayan masarar neman fartanyarta. Ta same shi zaune a kan kujerar roba ƙarƙashin lema, igiya a hannu. Farantanta na ƙasa cike da ruwa, a samansu an tokare wata tsohuwar ragar sauro da sanduna. Kurciyoyi sun kai ashirin sun dulmiya baki suna sha. Ya fizgi igiyar, ragar ta faɗo. Da yawansu ko bugun fuffuke ba su yi ba. Gefensa akwai kwali biyu da aka huda, suna motsi.

"Wannan ce sadakar?" in ji Yaya.

Bai ko ji kunya ba. Ya tashi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. "Yaya, ki yi tunani. Mutuwa za su yi ko da ni ko ba ni. Wanda na kama, in mai kyau ne a sa shi a keji ya sha ruwa kullum. In na ci ne, ya shiga cikin ɗan Adam. Wa aka cuta?"

"Ni aka cuta. Ni na ja ruwan."

"To ai sai a sa ki a ciki. Kashi ɗaya cikin goma."

Ta kwashe farantanta, ta juye ruwan a gindin barkono, ta ce kada ta ƙara ganin ƙafarsa a lambun. Ya naɗe ragarsa yana gunaguni cewa abin da ke hana danginsu ci gaba ke nan, ba a son mai basira.

Ba nisa ya yi ba. Gonar da ke jikin shingenta ta riga ta ƙone, mai ita ya tafi birni neman aikin gini. Nan Injiniya ya kafa lemarsa, yana sayen jarka biyu daga masu tura ruwa. Kuma abin haushi, sana'ar ta karɓe shi. Farauta ce da ba ta buƙatar gudu ko saiti ko sanin daji, ƙishirwa ce ke yin aikin duka, shi nasa jan igiya. Kurciya da hasbiya, masu gasa nama a bakin tasha ne suke saye. Masu launi kuma ya sa wani mai walda ya yi masa kejina. Cikin wata ɗaya ya sayi takalmi mai tsini da tabarau, ya sa aka rubuta allo a ƙofar gidansa wai kamfanin kiwon tsuntsaye. A teburin mai shayi yana bayani da ƙarfi cewa fari ba masifa ba ne, dama ce, sai dai ga wanda kansa ke aiki. Manoman da suka yi asarar shekara suna zaune suna jinsa.

Yaya tana jin faɗuwar ragar daga inda take ban ruwa. Tun tana ɗaga kai har ta daina. Abin da ta iya yi shi ne ta riƙa barin ɗan ruwa a bakin kwami, ko wasu sa tsaya nan. Wasu sun tsaya. Amma farantansa sun fi faɗi, kuma yana watsa tsaba.

Matarsa, wadda ɗinkinta ne ke ciyar da gidan tun aurensu, ta zo wata rana ta zauna a bakin rijiya ta cire takalmi.

"Yaya, falona ya zama akurki. Keji a kan kujera, keji a kan keken ɗinki. Kashi ya ɓata mini yadin mutane biyu. Kullum da safe sai na share matattu biyar ko shida, ya ce wai asarar da aka saba ce a harkar."

"Ba kya yi masa magana?"

"Ya ce in yi haƙuri, an kusa. Wai wani dillali a birni yana son masu launi ɗari uku a tashi ɗaya."

Ranar tafiyar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wata a-kori-kura ta tsaya a bakin lambun don direba ya roƙi ruwan zuba wa inji. An jibge kejina hawa huɗu a baya, an lulluɓe su da baƙar tamfol, an ɗaure tam da igiya. Injiniya na gaba ya kishingiɗa, tabarau a fuska.

Yaya ta yi niyyar kada ta ce uffan, amma da ta ɗora hannu a kan tamfol ɗin sai ta janye da sauri.

"Ka cire wannan abin. Ka sa jiƙaƙƙen buhu, ka bari sai rana ta yi sanyi ku tafi."

"Mutumin ƙarfe biyu ya ce. Kuma ba na son idon jama'a a kan kayana."

"Za su dahu."

"Yaya, tafiyar awa biyu ce. In mota na gudu iska na shiga. Wannan lissafi ne, ba shukar barkono ba."

Motar ba ta yi gudun ba. Ana gyaran wata gada a hanya, suka yi awa uku a layi a kan kwalta. Direban ya ba da labari daga baya cewa da farko ana jin kuka daga bayan motar, ya ce a duba, Injiniya ya ce alamar lafiya ce. Can aka daina ji, ya ce sun yi barci. Da aka yaye tamfol a gaban dillalin, mutumin ya toshe hanci ya koma shagonsa.

Bayan magariba suka dawo. Injiniya ya sa aka zazzage kejinan a busasshen tafkin da ke bayan lambun, ya wuce gida. Washegari wari ya hana Yaya aiki. Ta ɗauki shebur ta gangara. Sun yi tudu, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, ƙudaje sun rufe su. Ƙasar ta yi tauri kamar siminti, sai da ta wuni kafin ta haƙa ramin da ya ɗauke su. Ba ta yi kuka ba. Tana haƙa tana tuna yadda ta goya shi a bayanta zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi, tana mamakin abin da ta yi wa wannan wahala.

Goma sha ɗaya ne suka rayu, na kejin ƙasa da ke kusa da wata yagewa a tamfol. Matarsa ce ta kawo su a ɓoye, ta ajiye a bakin kwami ta buɗe ƙofar. Sun fi awa ɗaya ba su fito ba. Bakwai suka sha ruwa suka tashi. Sauran huɗun nan suka ƙare.

Sana'ar ta mutu daga nan, ba don ya tuba ba, sai don tsuntsayen sun ƙare a wannan gefen. Zai wuni ƙarƙashin lema bai ja igiya sau biyu ba. A teburin mai shayi ya ce direba ne ya ci amanarsa, da kuma masu gyaran gada, kuma yana shawarar kai ƙara.

Ruwa ya sauka daga baya, lokacin da babu abin da zai ceta. Yaya ta sami kwando uku na barkono a inda take samun arba'in. Da ta sake shuka, tsutsa ta yi wa ganyen dirar mikiya, ta riƙa bi tana tsincewa da hannu, aikin da a da ba ta san wa ke yi mata shi ba. Babban mangwaron da ke bakin shinge, wanda mijinta ya dasa, bai sake tohowa ba.

Shi ne ya dawo da Injiniya lambun. Ya tsaya daga waje ya yi sallama, ya ce yanzu harkar gawayi ce ke tafiya, busassun itatuwa sun cika gari, ga wannan yana tsaye a banza.

Yaya ba ta ɗago daga tsintar tsutsa ba. "Na ba ka. Gatari na cikin rumfa. Amma da hannunka za ka sare."

Ya shigo ya zagaya itacen sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ɗaga kai ya dubi tsawonsa. Ya ce gatarin nan bai dace ba, akwai wani inji da ake yin irin wannan aiki da shi, zai je ya yi magana da mutanensa ya dawo ranar Litinin. Da zai fita ya tsinki barkono biyar ya zuba a aljihu.

An yi Litinin da yawa tun daga ranar. Mangwaron yana nan tsaye, Yaya na shanya buhuna a rassansa.